Neman gidan abincin Italiya a Bronx na mutum 24, ba alade ba giya

Assalamu alaikum. Ƙanwata ta kammala jami'a, muna so mu yi mata walima ranar Asabar da yamma. Mu 24 ne, har da yara da Hajiya da ke kan keken guragu. Abincin Italiya take so, irin wanda ake kawowa a manyan faranti tsakiyar tebur kowa ya ɗiba.

Na buga wa gidajen abinci da ke Arthur Avenue waya, wato titin da ya yi suna da abincin Italiya a yankin Bronx na birnin New York. Wasu sun ce sai an raba mu tebur biyu. Wanda ya yarda ya haɗa mu kuma, sai dai mu ci abin da suka tsara, mu ba da kafin alƙalami. Kuɗin bai dame ni ba. Damuwar ita ce ƙwallon namansu da miyar ragù akwai alade a ciki, kazar marsala kuma da giya ake dafa ta. Na roƙa a cire, aka ce miyar tun safe ake haɗa ta. Mun ma haƙura da nama, kifi da taliya da parmigiana ta yalo sun ishe mu.

Don Allah wa ya san gidan abincin Italiya a Bronx ko Manhattan da zai zaunar da mu tebur ɗaya, ya dafa mana ba alade ba giya, keken Hajiya kuma ya shiga?