Don Allah setTimeout na sa sifiri amma bai gudu nan take ba, me ya sa?

Ɗan Kawo: Salam 'yan uwa, ina koyon harshen rubuta manhaja na JavaScript ne, na sa setTimeout (umarnin da ke jinkirta aiki zuwa wani lokaci) da 0 amma sai layin da ke ƙasansa ya riga shi fitowa, wallahi tun jiya abin ke damuna.

Na Tudun Wada: Ɗan'uwa ka tuna mai shayi, shi kaɗai ne a tebur, zai ɗora indomi a wuta ya ci gaba da haɗa wa wani shayi, ba zai tsaya kallon tukunya ba. Haka madaukin jira (event loop, mai ɗauko ayyuka daga layi) yake, zare ɗaya ne, wato aiki ɗaya yake yi a lokaci guda, aikin da ka ba setTimeout layi yake shiga, ba mai kiransa sai lambar manhaja (code) da ke gudu yanzu ta ƙare kaf. Sifirin nan ma'anarsa da zarar an samu sarari.

'Yar Barnawa: Gaskiya ne malam. Kuma in akwai Promise (alƙawarin sakamakon da zai zo daga baya) da ya cika, shi ake fara sallama kafin na agogo, wato na setTimeout. A Node.js, mai gudanar da JavaScript a wajen burauza, wani ɓangare mai suna libuv ce ke riƙe da madaukin, a Linux da epoll (hanyar jiran saƙo ta tsarin) take jira, in ba komai barci take har saƙo ya iso.

Ɗan Kawo: To in na sa lissafi mai nauyi fa anti?

'Yar Barnawa: Komai zai tsaya cak, ko maɓalli ka danna ba zai amsa ba sai ya gama.