Wace kalma za mu ba "personal brand" da Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wata ƙungiyar matasa 'yan kasuwa a nan Agege da ke Legas ta nemi in fassara mata takardar wata bita da za a yi wa masu sayar da kaya ta waya, kuma aikin ya tafi sumul har na zo kan "personal brand", inda na tsaya cak. Kwana uku ina juya kalmar, na tambayi dattawa a kasuwar kayan gwari ta Mile 12, na tambayi samari masu gyaran waya a Ikeja, kuma ga abin da na tattara domin mu yanke shawara tare.

Da farko mu san abin da muke fassarawa. Asalin "brand" a harsunan Turawan arewa yana komawa ga wuta ne, wato lalas da ake yi wa dabba da ƙarfe mai zafi domin a gane mai ita, daga baya kalmar ta koma kan alamar kaya da sunan kamfani. A shekarar 1997 wani marubuci Ba'amurke, Tom Peters, ya yi rubutu a mujallar Fast Company yana cewa kowane ma'aikaci ya ɗauki kansa kamar haja mai suna, kuma daga nan maganar ta bazu. Abin da ake nufi shi ne abin da ke zuwa zukatan mutane game da aikinka da zarar an ambaci sunanka, ko kana wurin ko ba ka nan.

Wannan magana ta fi shafarmu a Legas fiye da a gida. A Kano ko Sakkwato an san gidanku, an san wanda ya koya maka sana'a, amma a nan mai tsire da ɗan canji da mai gadi da mai sayar da albasa duk suna ɗaya ake kiransu da shi, "aboki" ko "malam", har wuraren tsiren da suka yi fice a Ikoyi da Obalende sau da yawa da sunan titi ake kwatanta su, mai wuƙar kuwa ba a san sunansa ba. Wanda ya ci amana ya shafa wa kowa, wanda ya riƙe amana kuma ladan ya watse cikin taro. Don haka kalmar da za mu zaɓa sai ta ɗauki ma'anar fita daga cikin taron nan da sunanka na kanka.

Samarin Ikeja sun ce "tallata kai". Na ƙi ta nan take, domin Bahaushe ya riga ya yanke hukunci cewa yabon kai jahilci ne, kuma duk dattijon da ya ga wannan a kan takardar bita zai ɗauka za a koya wa yara fankama. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta ce "suna" ya isa, tunda muna cewa wane ya yi suna. Gaskiya ne, sai dai ɓarawo ma yana yin suna, kuma mutum yakan yi suna ba tare da an san takamaiman abin da ya iya ba. "Mutunci" kuwa ya fi wannan abu girma, bai kamata a saukar da shi zuwa harkar ciniki ba.

Wadda ta fi samun magoya baya ita ce "tambarin mutum", kuma na daɗe a kanta. Tambari a asali gangar sarauta ce wadda ba a buga wa kowa sai sarki, ta yadda mai jin amonta daga nesa ya san wanda ke tafe, kuma wannan hoto ya dace ƙwarai. Matsalar ita ce a bakin mutanen yau tambari ya zama zanen da ke jikin buhu ko kwali. Idan muka ce wa yaro ya yi tambarinsa, gobe zai tafi wurin mai zane ya biya kuɗi a haɗa masa haruffa biyu masu launi, ya dawo yana ganin ya gama aiki. Dubi misalin da ke gabanmu kullum: a buhun siminti na Dangote sunan Alhaji Aliko ne da kansa ya zama sunan kaya, tun daga sukari da gishiri har matatar man da aka ƙaddamar a yankin Lekki a 2023, alhali a buhun BUA sunan kamfani ake gani, sunan Alhaji Abdul Samad Rabiu yana gefe. Kowane buhu yana da tambari, amma abin da mutane ke faɗa game da mutanen biyu wani abu ne dabam da zanen, kuma shi muke nema wa suna.

Amsar da ta kwanta mini ta fito ne daga wani dattijo dillalin albasa a Mile 12. Na ga buhunan da aka sauke daga tirela kowanne da rubutun fenti a jikinsa, na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce, "Shaida ce, ɗana, da ita muke gane kayan kowa." Can kuma da hira ta yi nisa, yana ba ni labarin wani mai turo kaya daga Aliero, sai ya ce, "Ai shi an yi masa shaida, buhunsa ba sai an kwance ba." Cikin zama ɗaya ya yi amfani da kalmar a ma'anoni biyu, alamar da ke jikin kaya da kuma abin da jama'a suka tabbatar game da mai kayan, kuma waɗannan su ne ainihin ma'anoni biyun da kalmar Turancin ta ɗauko tun daga lalas. Wani alherin kuma shi ne shaida a bakin wasu take, mutum ba ya yi wa kansa, saboda haka zargin yabon kai ya faɗi.

Sai dai "shaida" ita kaɗai tana da aiki da yawa, ga ta kotu, ga katin shaida, ga takardar shaidar kammala karatu, kuma idan muka ce "shaidar kai" za a zaci katin ɗan ƙasa ake nufi. Shi ya sa nake ba da shawarar "shaidar kasuwa". Na san likita ko ɗan jarida zai ce shi ba ɗan kasuwa ba ne, amma duk wanda ake zaɓa a bar wani yana da kasuwa, kuma inda kalmar ta yi nauyi ana iya cewa "shaidar aiki".

Na gwada ta a cikin jimlolin takardar, ta zauna. Mai sayar da raguna wanda ake turo wa kuɗi daga Lekki ba a taɓa ganin fuskarsa ba, shaidar kasuwarsa ce ke sayar masa. Wanda ke son ya same ta sai ya tsaya a kan abu ɗaya da za a san shi da shi, ya bar suna ɗaya a WhatsApp da Facebook da TikTok da asusun bankinsa, kada ya riƙa sauya lambar waya, kuma hoton da ya ɗora ya zama na ragon da zai aika. Ban yi amfani da "gina" ba, domin a Hausa shaida samunta ake yi, a tsare ta, ko a zubar da ita, don haka kan takardar ya zama "Yadda ake samun shaidar kasuwa da yadda ake tsare ta".

Ranar Asabar za a kai takardar wurin bugawa. Malamanmu na Hausa da ke nan, musamman masu aikin fassara a gidajen rediyo, ina roƙon ku duba mini abu ɗaya kafin lokacin: idan ana maganar mutane da yawa, "shaidun kasuwa" zai sa a zaci mutanen da suka tsaya shaida ake nufi, shin mu bar ta tilo a ko'ina, mu ce "shaidar kasuwarsu"?