Sabuwar jif mai lantarki tana karkarwa a gudun 90 zuwa 100, daga ina za a fara bincike?

Ɗan Barnawa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan motocin lantarki. Jif ce sabuwa dal, mako uku ke nan da karɓarta, ko kilomita 900 ba ta cika ba. Ta jirgin ruwa ta iso Legas, aka ɗoro ta a tirela zuwa Kaduna. Tayoyinta 235/55 R19 ne duka huɗun.

A cikin gari lafiya lau take. Amma in na hau hanyar Zariya, da na wuce Rigachikun gudu ya kai 85 sai karkarwa ta fara, ta fi tsanani tsakanin 90 da 100. A kujera da ƙarƙashin ƙafa nake jin ta, sitiyari kaɗan yake rawa. Robar ruwan da ke aljihun ƙofa har ƙara take yi. An yi balansin sau biyu a wurare biyu, kuma duk sau biyun inji ya nuna sifili. Sai dai na biyun ya ɓamɓare dalmar da na farko ya sa a tayar baya ta dama, ya liƙa gram 60 a wani gefen daban. An yi alaimen ma. Dila ya ce in ci gaba da hawa, za ta ware. Wani bakanike kuma ya ce batir ne bai ɗauru ba, in kawo ya kwance. Wanne zan kama?

Injiniyan Kakuri ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Kafin komai: kada ka bari kowa ya sa sifana a jikin batir. Wutar da ke cikinsa tana kai volt 400 a yawancin motocin nan, wasu ma 800, kuma duk wayar da ka gani mai ruwan lemo a ƙarƙashin mota ita ke ɗauke da wannan wutar. Ban da haɗarin rai, kwance shi a garejin da ba na dila ba zai iya kashe maka garanti. Batirin da ya yi sako-sako kuwa ƙwanƙwasa yake yi a gargada, ba ya jiran sai gudu ya kai 90.

Motar lantarki ba ta da rurin inji da zai rufa wa taya asiri, ga ta da nauyi, jif irin wannan takan kai tan biyu ko fiye. Abin da ba za ka ji ba a motar fetur, a nan sai ya fito fili. Don haka aikin farko shi ne a gano da me karkarwar take tafiya: da gudu, da totur, ko da birki.

Nemi miƙaƙƙen wuri mai kyan kwalta, da rana, lokacin da babu cunkoso, kuma kada ka haura 100, iyakar da doka ta ba ƙananan motoci ke nan a babban titi. Kai ta gudun da take karkarwa, ka mayar da tsarin nan da ke rage gudu yana mayar da wuta batir zuwa mafi ƙanƙanta, sannan ka ɗaga ƙafa ka bar ta ta gangara da kanta. In karkarwar tana nan yadda take, abin yana cikin masu juyawa da gudun taya: taya, rim, faifan birki, ko mazaunin rim. In ta ɓace da ka ɗaga ƙafa, ta dawo da ka taka, sai a koma kan shaf, musamman joyin ɗin ciki, da robobin da ke riƙe da injin lantarki. In kuma sai ka taka birki take zuwa, faifai ne.

Sannan wayarka za ta iya yin rabin aikin. Akwai manhajojin auna girgiza na kyauta da ke nuna sau nawa abu ke kaɗawa a daƙiƙa. A manna wayar a ƙarfen ƙasan kujera, wani ya kula da ita, kai ka kula da hanya. Ga lissafin tayarka: tsayinta kusan milimita 741 ne, zagayenta mita 2.33. A gudun 100 mota tana cin mita 27.8 a daƙiƙa, wato taya tana juyawa kusan sau 12 a daƙiƙa. A gudun 80 kuwa sau 9 da rabi. In manhajar ta nuna tsini a 12, nauyi ne bai daidaita ba ko taya tana da tudu guda. In a 24 ne, tayar ta yi siffar ƙwai. In a 36 ne kuma sai an taka totur, joyin mai ƙafa uku na cikin shaf ake zargi. Shi injin lantarki yana juyawa kamar sau tara zuwa goma a duk juyi ɗaya na taya, ya haura 100 a daƙiƙa ke nan. Wannan kunne ke jin sa kamar kukan sauro ko gurnani, ba ya girgiza kujera.

Alaimen ɗin da aka yi kuwa, kuɗi ne ya tafi. Rashin alaimen yana sa mota ta ja gefe ko ta cinye taya ta gefe guda, ba ya kawo karkarwa a sabuwar taya.

Mai Balansin Panteka ya amsa:

Yallabai, amsarka tana cikin tambayarka. Taya guda, ba a yi faci ba, ba a canza ta ba, amma inji biyu sun nemi dalma a wurare biyu daban. Ɗayan biyu ne: ko wani abu yana yawo a cikin tayar, ko ba a zaunar da rim daidai a kan inji ba.

Da yawa daga cikin tayoyin da ake sa wa motocin lantarki suna da soso a manne a ciki don rage ƙara. In gam ɗin ya saki, soson sai ya naɗe ya dunƙule gefe guda. Inji zai nuna sifili a lokacin, da ka hau titi taya ta yi zafi dunƙulen ya matsa, sai balansin ya lalace. Ruwa ma yana yin haka. Kwampireson da ba a zubar da ruwan tankinsa yana tura danshi cikin taya, haka ruwan toshe huda da ake ba wasu motocin a madadin sifiya, in an taɓa ɗura shi.

Gwajin mai sauƙi ne, kuma a gabanka za a yi. Bayan inji ya nuna sifili, a sassauta tayar a kansa, a juya ta rabin zagaye, a sake ɗaurewa, a sake kunnawa. In komai lafiya, bambancin bai kamata ya wuce gram 5 ba. In ya nemi gram 20 ko 30, kada a ƙara dalma ko ɗaya. A fara duba mazugin da aka zaunar da rim a kai ko girmansa ya dace da ramin tsakiya. In ya dace kuma lamba ta ci gaba da sauyawa, a sauke tayar daga rim a leƙa ciki.

Wani abu da mutane ba su cika ganewa ba: sifili a inji nauyi kawai yake nufi. Ko ƙwai aka ɗora za a iya daidaita nauyinsa, amma ba zai gangara sumul ba. Yayin da tayar ke juyawa a hankali, a kafa alli ko sukudireba dab da samanta a ga ko tana hawa tana sauka, a yi haka a leɓen rim ciki da waje. Abin da ya haura milimita ɗaya za a ji shi a mota. Rim mai inci 19 bugu ɗaya a rami ya isa ya lanƙwasa shi, kuma ta ciki yake lanƙwasa inda ido ba ya kaiwa. A duba ɗigon fenti a gefen tayar ma: rawaya yana nuna inda ta fi sauƙi, ana saita shi da bawul, ja yana nuna inda ta fi tudu, ana saita shi da alamar da ke kan rim in akwai, kuma in duka biyun suna nan ja ake bi. Akwai injin da ke danna taya da abin nadi kamar tana kan titi, shi ke kama tayar da ke da tauri a waje guda. Ba kowane shago ke da shi ba, sai an tambaya.

Kafin duk wannan, a wanke cikin rim. Jar lakar damina in ta bushe a ciki tana kai gram 50 cikin sauƙi.

Maganar dila cewa za ta ware tana da tushe, amma lokacinta ya wuce. Motar da ta yi makonni a ɗaure a jirgi da tashar ruwa, gindin tayarta yakan baje. Irin wannan yana warewa bayan kilomita 20 zuwa 30 in taya ta ɗumama. Wanda ya kusa kilomita 900 bai ware ba, ba zai ware ba. Karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Za ka san tsawon zaman da tayar ta yi. Ka auna iska da safe kafin a motsa, ka gwada da takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, domin ana cika tayoyi fiye da ƙima kafin a loda mota a jirgi, kuma sau da yawa ba a ragewa.

Roƙo ɗaya: ka tsaya a kan mai faci lokacin sa jak. Ƙasan motar duk batir ne, wurare huɗu kawai aka ware don ɗagawa, suna cikin littafin mota. Noti kuma a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi, a tsallake-tsallake, a kan adadin da littafin ya ce. Bindigar iska tana iya zaunar da rim a karkace.

Lantarki Malali ta amsa:

Na yarda da bayanan biyu, taya ce kan gaba a zargi. Zan ƙara ƙananan abubuwa da ake mantawa saboda motar sabuwa ce.

Leƙa tsakanin zoben sifirin na gaba da na baya. Wasu kamfanoni suna cusa robobi masu launi a wurin don kada mota ta yi ta tsalle a jirgi, kuma aikin dila ne ya cire su kafin ya miƙa makulli. In an bar su, mota takan yi tauri, ƙaramin laifin taya ya zama babba. Duba kuma murfin roba na ƙarƙashin mota. In maɓalli biyu suka fita lokacin sauke ta daga tirela, iska na kaɗa shi a babban gudu.

Sitiyarin da ka ce yana ɗan rawa, tabbatar ba gargaɗin fita daga layi ba ne. Motocin nan suna girgiza sitiyari da gangan in kyamara ta ga kamar ka taka layi, kuma a titin da fentinsa ya koɗe tana yawan ruɗewa. Kashe shi a allo yayin gwaji. Nasa yana zuwa ne ya ɗauke cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Faifan birki ma ya cancanci kallo. Tun da injin lantarki ne ke yin mafi yawan aikin rage gudu, birkin gaske ba ya samun aikin da zai goge tsatsar da iskar teku ta bari. A wuri marar motoci, taka birki da ɗan ƙarfi daga 80 zuwa 20 kamar sau shida, kana barin tazara tsakani don ya huce. In kuma wata rana ka ji tana ɗan rawa a tsaye, musamman lokacin caji a zafin watan Maris da Afrilu, kwampireson esi ne da fanka suke sanyaya batir. Wannan daban ne da matsalarka.

Ɗan Barnawa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na samu. Iska 48 ce a duka huɗun, takardar ƙofa ta ce 38. Na rage, karkarwar ta yi sauƙi amma ba ta tafi ba. Ɗaga ƙafa daga totur bai canza komai ba, birki ma haka. Manhaja ta nuna 12 a gudun 100, ta sauko wajen 9 da rabi a 80. Babu roba a sifirin. Na sa an mayar da tayar baya ta dama gaba, yanzu sitiyari ne ke rawa, kujera ta yi shiru.

Injiniyan Kakuri ya amsa:

To Alhaji, ɓarawo ya shiga hannu. Karkarwa ta bi taya zuwa gaba, saboda haka shaf, boris, injin lantarki da batir duk sun fita daga zargi. Saura a raba tsakanin tayar da rim ɗinta.

Kada ka bari a sauke ta a wani wuri tukuna. Mayar da ita baya, domin rawar sitiyari tana wahalar da ƙafar gaba, ka rage gudu zuwa 80 har a gama. Kai motar wurin dila da hoton abin da manhaja ta nuna, rasit ɗin balansin biyu, da adadin kilomita, ka nemi a rubuta ƙorafin a takardar aiki mai kwanan wata ka karɓi kwafi. A gabanka a sauke tayar, a ɗauki hoton cikinta. In soso ne ya saki, laifin ƙira ne, sabuwar taya za ka nema, mai girma da lambar ɗaukar nauyi iri ɗaya da sauran. Cire soson yana kashe karkarwa, amma tayar za ta fi sauran ƙara kuma hujjarka ta tafi. In cikin tsaf yake, a ɗora rim ɗin shi kaɗai a inji a auna leɓensa. In rim ɗin a miƙe yake, zagayen tayar ne bai daidaita ba: a juya ta rabin zagaye a kan rim a sake gwadawa sau ɗaya, in ba ta gyaru ba a canza. In rim ɗin ya lanƙwasa, a nan gardama za ta taso kan ko a tirela ya bugu ko a hannunka, sai a duba leɓen ko akwai sabon tabo da ƙura ba ta hau ba. In dila ya ƙi sauraro bayan ƙorafi a rubuce, hukumar FCCPC da dokar kare masu saye ta 2018 ta kafa tana karɓar irin wannan ƙara, kuma takardun nan za ta fara tambaya.