Iccen inabin kakanmu: za a iya mai da shi gona a zafin Sakkwato?

Ɗan Garka:

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma, don Allah shawara nike nema. Muna da garka wajen Kwalkwalawa, gadon kakanmu ce, albasa da tumatur muke yi cikinta tun ina yaro, to amma bakin rijiya akwai iccen inabi guda wanda kaka ya dasa da hannunshi ya yi mishi rumfa da iccen bedi, har yanzu yana nan, gindin ya yi kauri kamar damtsen mutum, ɓawon yana saɓulewa zare-zare in ka taɓa. Ƙarƙashin rumfar nan muka yi karatun allo lokacin bazara don nan ne kawai ake samun sanyi. Matsalar ita ce ganye yake yi kamar hauka amma 'ya'ya kaɗan, ƙanana masu tsami, su ma tsuntsaye ke riganmu.

Bara Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, mu takwas ya bari, kuma ni na ce kada a yanka garkar nan gida takwas, a bar ta haɗe mu dasa inabi ko gindi 50 ne. Abin da ya ƙara mini ƙarfi na karanta labarin wani gida a Italiya, Antinori, wai tun 1385 suke harkar inabi, zuri'a 26 kenan ɗa ya gaji uba. Na san su giya suke matsawa, mu Allah ya tsare mu, na ci nike nufi. Tambayata biyu: zai yi a zafinmu kuwa? Kuma za a iya ba tare da an yi ta zuba magani ba? Don rijiyar nan ita muke sha, yara da tumaki kullum suna ciki.

Manomin Hunƙuyi:

Wa alaikumussalam, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Malam zai yi, nan ƙasar Kudan ta jihar Kaduna mutane suna noma inabi suna sayarwa, ka daure ka zo ka gani da idonka kafin ka kashe ko sisi. Abin da ke damun iccenka ba zafi ba ne, aski ne ba ku yi masa. Inabi a sabon reshe yake haihuwa, wanda ya tsiro daga reshen bara, in ka bar shi ya yi ta miƙa duk ƙarfinsa ganye zai tafi. Ranar da ka ga an yi wa inabi aski na gaske sai ka ce an kashe shi, ba ganye ko ɗaya sai sanduna, to bayan sati biyu zuwa uku idanun za su fashe.

Kuma kar ka fara da 50, fara da 10. Rumfa ce ke cin kuɗi ba irin ba, ƙarfe da waya, in kuma itace ka sa gara za ta gama da shi.

Malamin Gona:

Abin da ɗan uwa na Hunƙuyi ya faɗa haka yake, bari in ƙara bayani don lissafin lokaci shi ne komai a nan. A Turai sanyi ne ke sa inabi ya zubar da ganye ya yi barci, mu ba mu da wannan sanyin, hunturunmu bai kai ba, don haka kai ne za ka sa shi barci da hannunka, ka janye masa ruwa na ɗan lokaci sannan ka yi askin sannan ka dawo da ruwa da taki. Mutanen Nashik a Indiya, waɗanda su ma ƙasarsu da zafi, sau biyu suke yi a shekara: a watan Afrilu su yanke rassan har kusa da tushe don ya fito da sababbi, a watan Oktoba su sake yi don 'ya'ya, sai su tsinka daga Fabrairu zuwa Afrilu. Wannan tsarin ya dace da mu sosai, domin in ka yi aski a Oktoba damina ta ɗauke, fure da 'ya'ya za su tashi cikin hunturu iska a bushe, kamar wata huɗu zuwa biyar sun nuna, ka tsinke kafin zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ya ƙone su.

Batun magani kuwa, a nan ma Sakkwato ta fi wurare da yawa sa'a. Babban ciwon inabi funfuna ce da ke son danshi, za ka ga tabo rawaya kamar an ɗiga mai a saman ganye, ƙasansa fari-fari. Ruwan sama ne ke yaɗa ta, mu kuwa daminarmu gajera ce, Yuni zuwa Satumba, kuma lokacin babu 'ya'ya a jiki. Ka rage ganye iska ta riƙa ratsawa, ka kwashe wanda ya kamu ka ƙone, kada ka yi ban ruwa ta sama, a gindi kawai. In ta yi yawa akwai haɗin Bodo, farar ƙasa da sinadarin jan ƙarfe mai launin shuɗi, tun wajen 1885 ake amfani da shi a Faransa, amma shi ma kar a maida shi abinci domin jan ƙarfen yana taruwa a ƙasa. Akwai kuma ɗaya funfunar mai kama da toka wadda ba ta buƙatar ruwan sama, ita farar wuta ake fesa mata, sai dai ka kiyaye, farar wuta da rana mai zafi ƙona ganye take, da sassafe ko da yamma cikin sanyi za ka yi.

Shawarata a kan iccen kakanku: kada ku taɓa cire shi ko da tsami gare shi. Iccen da ya jure zafi da gara da ruwan rijiyarku shekaru masu yawa ya riga ya ci jarrabawa. Ku yanki rassansa masu ido uku ko huɗu ku kafe a leda su yi saiwa, sannan a yi musu aure da iri mai zaƙi kamar yadda ake wa mangwaro. Turawan ma haka suka tsira, lokacin da ƙwaron saiwa ya cinye gonakin Faransa daga shekarun 1860, aura inabinsu suka yi a kan gindin inabin Amurka, har yau kuma haka ake yi.

Baffan Wurno:

Ɗana Allah shi yi ma albarka da wanga tunani. Ni ban san inabi ba, tafarnuwa da albasa na sani, amma na san garka. Mu goma sha ɗaya munka gaji ta ubanmu, anka raba, kowa ya samu ɗan tsiri wanda ko injin ban ruwa ba ya biyan kuɗinai cikinta, ba a yi shekara biyar ba bakwai sunka sayar, yanzu in na bi ta wurin sai in kau da kai. To ga abin da nika so ka ji: gado haƙƙi ne, Allah ya riga ya raba, kada ka ce a bar ta haɗe da baki kawai. Ku kira malami a lissafa kowa ya san rabonai, mata da maza, a rubuta da shaidu, sannan wanda ya yarda ya zuba nashi a yi tarayya, wanda bai yarda ba ku saye nashi da daraja. Inabin ga an ce sai ya shekara biyu ko uku kafin ya ba da abin kirki, mi ƙannenka mata za su ci kafin nan? Kada ku daina albasa. Ku yi ta tsakanin layuka.

Taki kuma ka bari shi ruɓe sarai kafin ka kai gindi, ɗanyen kashin shanu gara yaka kira.

Ummu Yara:

Ni dai tsuntsaye zan yi magana, muna da guda biyu a tsakar gida nan Mabera. Tsohon gidan sauro nike yankawa in ɗinka 'yan jakunkuna in sa wa kowane nono da zarar ya fara canza launi, tsuntsu da jemage da zanzaro duk sun haƙura, ba magani ko ɗigo. Gindin kuma buntun shinkafa nike zubawa ya rufe, sai ƙasar ta kwana biyu da danshi. Kuma kar ka tsinka don ka ga ya yi launi, ɗanɗana tukuna, inabi ba ayaba ba ne, in ka cire shi ba ya ƙara zaƙi. Wanda ya yi saura ki shanya, au ka shanya a inuwa ya zama zabibi, zafinmu ai ya isa.

Ɗan Garka:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baffa maganarka ta shige ni, gaskiya ban zauna da 'yan uwana mata ba, da yayana kawai muka yi magana, in sha Allahu Juma'ar nan bayan masallaci za mu haɗu ɗakin Inna a yi ta gaban kowa. Jiya da yamma na je na duba rumfar da kyau, sanduna biyu gara ta cinye cikinsu, da na danna da yatsa sai ya burma, iccen ne ma ke riƙe da su. Zan fara canza su. Malamin Gona, rassan da zan kafe a leda, in jira askin Oktoba in ɗiba ko in yanka yanzu? Kuma ɗan uwa na Hunƙuyi, wane wata ya fi in zo in tarar ana askin, don ina so in ga inda ake sa almakashi da idona kafin in taɓa na kaka.