Musayar waƙa: mazan jiya na besbol

Ɗan Bronx:
Salam jama'a, jiya da na taso daga aiki na bi ta gaban filin Yankees, ƙungiyar besbol ta New York, sai kawai baituka suka zo min, mai amsa bismillah.

Babe Ruth na Yankees, sarkin masu gora,
In ya maka wa ƙwallo, katanga take haura,
Sau 714 ya yi haka, ku zauna ku tara,
60 a 1927 kaɗai, wa ya isa ya kara?
Boston da ta sai da shi ta tafka asara,
Sai 2004 ta ga kofi, shekara 86 tana jira.

'Yar Kumasi:
Yaya baitukan sun yi daɗi wallahi amma ka bar ni in ja da kai kaɗan, don abin nan yana ci min rai.

Ruth gwani ne, Yaya, ban musa ba,
Amma a zamaninsa baƙar fata bai taka filin ba,
Josh Gibson na can gasar baƙaƙe, ba a kira shi ba,
Janairun 1947 ya rasu, ƙofa ba ta buɗe masa ba.
Wata uku tsakani Jackie Robinson ya shigo Brooklyn bai ji tsoro ba,
An zage shi, an taka shi da takalmi mai ƙusa, bai rama ba,
Don alkawari ya ɗaukar wa Branch Rickey shugaban ƙungiyar, kuma bai saɓa ba,
Lambarsa 42 an jingine ta, ba za a ƙara ba wani ba.

Baba Mai Rediyo:
Yaran nan kun yi ƙoƙari, sai dai kun manta da masu jan ragama.

'Ya'yana, garke ba ya tafiya sai da makiyayi,
Connie Mack shekara 50 yana jan Athletics, dattijo jagaba na gari,
Daga 1901 har 1950, da kwat ɗinsa a benci,
Wasa 3,731 ya ci, har yau babu kocin da ya zo kusa da wannan adadi.
Casey Stengel kuma kofi biyar a jere ya ci,
1949 zuwa 1953, Yankees na ta shagali.

Ki ƙara da Satchel Paige 'yata, mai jifan nan da sai da ya kai shekara 42 kafin Cleveland ta ɗauke shi a 1948, ƙuruciyarsa duk ta ƙare a gasar baƙaƙe, kuma a 1965 yana da 59 ya sake fitowa ya yi jifa.

Ɗan Bronx:
Baba Allah ya ƙara girma. Ƙanwata kin yi gaskiya, na karɓa, ga wanda ya kamata in fara da shi tun farko, baƙar fatan da ya wuce Ruth a haura katanga da ƙwallo.

Hank Aaron na Atlanta, mai haƙuri, ɗan halas,
Wasiƙun barazanar kisa suka yi ta zuwa, bai ce musu ko as,
8 ga Afrilu 1974 ya buga na 715, Ruth ya koma baya,
Ya ƙare da 755, ba fariya, ba hayaniya.

'Yar Kumasi:
Yaya na kalli bidiyon daren nan ya fi sau goma kuma duk lokacin sai na yi hawaye.

Ya zagaye fili, jama'a na ta sowa,
Mahaifiyarsa ta kutsa cikin taro tana zuwa,
Ta rungume ɗanta ƙam, ta ƙi sakewa.