Wane suna za mu ba turaren da ake kira "niche"?

Masu sayar da turare sun fara cewa "wannan nish ne", mai saye kuma ya ɗauka sunan kamfani ake gaya masa. Kalmar daga Faransanci ta fito, kuma asalin ma'anarta ita ce ɗan ramin da ake ƙwaƙulewa a jikin bango don ajiye wani abu, wato abin da muke kira alkuki, inda ake ɗora fitila a ɗakunan ƙasa. A harkar turare kuwa tana nufin gidan da ba shi da sana'a sai turare, wanda yake haɗa kaɗan don masu neman ƙamshi na daban, saɓanin Dior ko Chanel da suka yi suna a ɗinkin tufafi. L'Artisan Parfumeur, wanda Jean Laporte ya kafa a Paris a 1976, yana cikin na farko-farko, sai Amouage na Oman da aka kafa a 1983.

"Turaren alkuki" zai yi daɗin faɗa, amma duk wanda ya ji shi zai zaci turaren ɗaki ake nufi. "Mai tsada" bai raba gardama ba, domin na gidajen tufafi ma akwai masu tsada, "na musamman" kuwa masu talla sun gama cinye shi. Ni dai shawarata ita ce mu ce keɓantaccen turare, jam'insa keɓantattun turaruka, tunda an keɓe shi tun daga haɗawa har zuwa shagunan da ake samunsa.

Inda na fi son mu tsaya shi ne siffar ƙamshi da Turawa suke cewa "smoky", wato mai kama da hayaƙi, domin a nan kuskure yake da sauƙi. Kada a ce "mai ƙauri", ƙauri na tuwon da ya kama tukunya ne, ba wanda zai fesa shi a babbar riga. Wannan ƙamshi yana fitowa ne daga kwaltar da ake tatsowa daga ɓawon itacen birch ta hanyar ƙona shi a rufe, da lubban irin na yankin Dhofar a Oman, da itacen ud. Wanda ya shinshina Interlude Man na Amouage, wanda ya fito a 2012, ko Lonestar Memories na Andy Tauer, ɗan Suwizalan, ya san abin da nake nufi: fesawa ɗaya a wuya, sai ka ji kamar mayafin da ya kwana a kan kaskon turaren wuta na mutanen Maiduguri, garwashin ya mutu amma hayaƙin ya shige zare. Shi ya sa na zaɓi "mai ƙamshin hayaƙi", domin kalmar ƙamshi ta riga ta kore zaton ƙauri. Ga ƙarfinsa kuma ba ma buƙatar ƙirƙira, masu turare sun daɗe suna cewa yana kama jiki, kuma irin wannan fesawa ɗaya ko biyu ta isa, musamman ga mai shiga sahu a masallaci lokacin zafi.

Abu ɗaya ya rage da nake neman ra'ayin masana a kai. Kamfanin Estée Lauder ya sayi gidan turare na Le Labo a 2014, ya kuma sayi gidan Frédéric Malle, amma har yau ana lissafa su cikin "niche". Shin keɓantaccen zai ci gaba da dacewa da gidan da babban kamfani ya mallaka, ko kuwa mu taƙaita sunan ga masu zaman kansu irin Tauer?