Abinda muka tsinta a hirar ƙyanƙyasar agwagi

Jiya a fadarmu nan Damagaram an yi ta gardama kan ƙwan agwagwa a inji, ga dai abinda na riƙe. Agwagwarmu ta gida sai kwana 35, ba 21 irin na kaza ba, to a daina gaggawa. Zafin inji digiri 37.5, a riƙa juya ƙwan kullum, saura kwana 3 a ƙyanƙyashe a bar juyi a ƙara ruwa a faranti don iskar hunturun nan busar da fatar ciki take ɗan ya maƙale. In ya huda ƙwai kar ka ɓare masa, yakan yi kwana biyu, ni na taɓa ɓarewa sai jini wallahi. Batir kuma dole, saboda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki.